Sojan da ya zo kwas Accra yana son koyon damben zamani

Sojojin da ake turowa kwas Accra yawanci Teshie suke sauka, ko a cibiyar Kofi Annan ta horar da masu wanzar da zaman lafiya, ko a kwalejin hafsoshin sojan Ghana. Cikinsu ba a rasa Bahaushe mai sha'awar dambe, kuma ya zo gidan dambe. Daga Teshie, in ka bi titin bakin teku ta La da Osu, za ka isa Jamestown da Bukom, unguwar masunta 'yan ƙabilar Ga wadda ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey da D.K. Poison, wanda ya fara ciyo wa Ghana kambun duniya a 1975. Cikin lambobin Olamfik biyar da ƙasar ta samu, huɗu na dambe ne, tun daga azurfar Clement Quartey a 1960 har zuwa tagullar Samuel Takyi a Tokyo.

Kafin ka sa ƙafa a kowane gidan horo, nemi izinin shugaban kwas ɗinka a rubuce. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. In ka karya hannu a wajen bariki ba da sanin kowa ba, kwas ya lalace, kuma kai za ka amsa tambaya a gida. Sannan likita ya duba hawan jini, da ido, da tarihin bugun kai. Gasar masu son kai, wato waɗanda ba sana'a suka ɗauke shi ba, tana hannun hukumar Ghana Boxing Federation. Ta ƙwararru masu karɓar kuɗi kuwa Ghana Boxing Authority ce ke riƙe da ita. Soja mai kwas ba ruwansa da ta biyun.

Kayan farawa ba su da yawa. Bandejin hannu biyu, kowanne tsawon mita 4 zuwa 4.5, da robar kare haƙori, da igiyar tsalle, da safar dambe mai nauyin oza 14 ko 16 don gwada hannu da abokin horo. Safa mai oza 10 ko 12 ta ranar gasa ce, kada ka bugi abokin horo da ita. Safa kana iya ara, amma robar baki da bandeji naka ne kai kaɗai. Robar a tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci, a ɗan bari ta huce, a cije ta ta ɗauki siffar haƙoran sama. In tana faɗowa idan ka buɗe baki, ba ta zauna ba, a sake. Bandeji kuma ya fara daga babban yatsa, ya riƙe wuyan hannu sosai, ya rufe gaɓoɓin yatsu, ya ratsa tsakaninsu. In ka dunƙule hannu ka ji yatsu suna mutuwa, ya yi tsauri.

Wanda ya taso yana kallon damben gargajiya, ko ya taɓa ɗaura kara, shi ya fi shan wahalar makonnin farko. A gida hannu ɗaya ne mashi, ɗayan garkuwa ne a miƙe, tafi a buɗe. A nan hannun gaban nan shi ne mai aiki: da shi ake auna tazara, da shi ake buɗe hanya, kuma dole ya koma gefen haɓa bayan kowane naushi. Miƙe shi a fuskar abokin karawa laifi ne, haka riƙo, haka shuri, haka bugu da cikin safa kamar mari. Naushin da ake zagayo da shi daga nesa, wanda ke kayar da mutum a filin gida, yaron Bukom mai shekara 16 zai hango shi tun kafin ya taso, ya shiga ciki ya saka maka biyu. Kuma ba sai an kayar ake ci ba. Turmi uku ne, kowanne minti 3, da hutun minti 1 a tsakani, alƙalai suna ba wanda ya fi kai naushi mai tsabta maki 10, ɗayan 9 ko ƙasa.

Shi ya sa koci zai ajiye ka kan tsalle da igiya, da takun ƙafa, da naushin iska, da buhu, kafin ya bari ka hau dandali. Kada ka ga raini ne. Gudun bariki yana ba da juriya, amma ba ya koya wa mutum numfashi yayin da ake kai masa bugu. Muƙaminka ka bar shi a Teshie. Ka gaida koci, ka tambayi kuɗin wata tun ranar farko, ka faɗa masa gaskiyar abin da ka iya. Wanda ya cika baki, da gwani ake haɗa shi.

Zafin Accra ba irin na Kano ko Zinder ba ne. Iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa da wuri. Ka ba kanka mako biyu kana ƙara aiki a hankali. Hau sikeli kafin horo da bayansa: duk kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce ta ruwa, sai ka mayar da lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya wata uku. Kada ka sa rigar leda don rage nauyi. Kokon safe da ƙosai ko wake da shinkafa sun isa abinci, amma a bar awa biyu zuwa uku kafin horo. Da azumi kuwa, aikin ƙafa mara nauyi kafin magariba, mai ƙarfin bayan buɗa baki, gwada hannu kuma a ɗage shi. Zazzaɓi in ya kama ka, a yi gwajin maleriya, ba a horo a kansa.

Bugun kai ne abin da muka fi ji maka tsoro, domin soja ya saba ɓoye ciwo. Jiri, ciwon kai mai ƙaruwa, amai, gani biyu-biyu, ko mantuwar abin da ya faru, kowanne ya isa a tsaya nan take. Daga Bukom babban asibiti mafi kusa shi ne na Korle Bu, ga kuma asibitin soja na 37. Kada ka kwana kai kaɗai a daren, kada ka tuƙa mota. Wanda aka sumar, dokar wasan ta hana shi dambe da gwada hannu aƙalla kwana 90, kuma sai likita ya sa hannu zai dawo.