Yadda ake sake gina gidan da ruwa ya ci ba tare da an karya aljihu ba

Shekara 23 ke nan ina aikin gini a Kano, amma aikin da ya fi koya mini hankali shi ne na gidan yayata da ke can wajen Kurna. Ruwan watan Agusta ya kwana yana zuba, da asuba ɗakuna biyu suka zauna. Allah ya kiyaye, babu wanda ya rasa rai. Da na je, sai na tarar saman katangar lafiyarsa lau, gindinta ne ya jiƙe ya narke. Yaya ta ce, "Ƙanena, ni dai a mayar mini da ɗakunana yadda suke." Na ce, "Yaya, in aka mayar yadda suke, baɗi ma haka za ki kira ni."

Mu nan ba mu da teku, amma akwai abin koyi wajen mutanen gaɓar teku. A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta sa ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin New Orleans a Amurka. A Maris ɗin 2019 guguwar Idai ta yaye rufin gidaje a birnin Beira na Mozambik. Masu sake gini a irin waɗannan wurare abu biyu suke fara kula da shi: su ɗaga ɗaki sama da inda ruwa ke kaiwa, su ɗaure rufi da jikin gini. A Bangladesh talaka ma tudun ƙasa yake tarawa ya ɗora gidansa a kai. Wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, nemi shaidar ruwa. Yakan bar zane a jikin katanga, layin datti mai ruwan ƙasa. Auna shi daga ƙasa. Tambayi dattawan layin inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi muni, ka kuma tambaye su ko filin tsohon kududdufi ne. Da yawa daga cikin kududdufan Kano, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, an cike su da shara an yanka filaye, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba. In filinka irin wannan ne, sai an haƙa har an tarar da ƙasa mai tauri, kuma ka kira injiniya ya duba. A gidan Yaya zanen ya kai ƙafa ɗaya da rabi, sai na ɗaga daɓen ɗakunan ƙafa biyu da rabi daga kan titi.

Nan ne kuɗin ya kamata ya tafi. Fandisho, wato harsashin gini, na kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A ɗora bulo mai inci 9, a cike ramukansa da kankare har zuwa tsayin daɓe. Cikin ɗakin a zuba jar ƙasa kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa. Kada ka yarda a juye tifa guda a baje a ce an gama, bayan damina ɗaya daɓen zai lotsa. Sannan a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe, ita ce ke hana danshi hawa jikin bango. Kwana bakwai ana ba kankaren ruwa safe da yamma.

Maganar bulo kuwa, ɗauki ɗaya ka murza gefensa da yatsa. In yana zubar da yashi, bar musu kayansu. Ni in zan buga mai inci 9, ba na wuce guda 30 a buhun siminti ɗaya. Akwai masu matse buhu har ya haifi abin da ya kusa ninka haka, shi ya sa nasu yake da araha.

Wanda ba shi da halin yin bulo har sama, kada ya ji kunya. Daga tsayin taga zuwa sama ana iya ci gaba da tubali, muddin gindin na siminti ne kuma an yi yaɓe mai kyau. Ginin ƙasa ya fi sanyi lokacin zafi, ganuwar Kano da Gidan Makama ma da ƙasa aka yi su. Abin da ƙasa ba ta so shi ne ta tsaya cikin ruwa. Mun yi haka a ɗakin yara, kuɗin da ya ragu muka sa a rufi.

Iskar farkon damina ce ke kwashe kwano a garin nan. Lokacin zuba linta, wato kankaren da ke bi ta saman ƙofa da taga, a bar rodi ko waya mai kauri ta leƙo sama, a naɗe katakon rufin da ita a kowace gaɓa. Kusa kaɗai ba ta riƙewa. A ƙara yawan kusoshi a gefuna da kusurwoyi, don ta nan iska ke fara ɗagawa. Bakin kwanon ya ɗan zarce bango don ruwa ya sauka nesa da gindi, amma kada ya yi tsawon da iska za ta samu wurin kamawa.

Tsakar gida ta gangara zuwa waje, kuma rariyar fita ta zauna sama da kwatar layi, in ba haka ba ruwan kwata ne zai shigo maka. Bakin masai da na rijiya a ɗaga su, a yi musu murfi, don idan suka haɗu da ruwan ambaliya, kwalara ce ke biyo baya. Soket ɗin wuta a mayar da su tsayin ƙirji. A ƙofar zaure na yi dakali mai hawa uku.

Abin da muka fi jayayya a kai da Yaya shi ne tayil da silin. Na ce su jira baɗi. Ta yi fushi na kwana biyu. Damina ta gaba ruwa ya cika layin har hawa na biyu na dakalin, ta kira ni a waya tana tsaye a zaure, ina jin yaran maƙwabta suna shigo da katifunsu ɗakinta. Har yanzu daɓen siminti ne a ɗakin, ta shimfiɗa leda mai fulawa a kai.