Kurakuran Da Ke Hana Ƙwari Barin Gida

Inda zafi da laima suka haɗu, ƙwari ba su da lokacin hutu. Ƙwan sauro kan zama sauro mai tashi cikin kwana 7 zuwa 10, na ƙuda ma kusan haka. Shi ya sa mutum zai fesa magani da dare, ya share matattun ƙwari da safe, kafin mako ya zagayo ɗaki ya koma yadda yake. Sai ya ce maganin jabu ne. Wani lokacin jabun ne, amma galibi ba nan gizo ke saƙar ba: wanda ido ya gani aka kashe, aka bar ƙwai da tsutsa da maɓoya da ruwan da ke raya su.

A fara da sauro, tunda shi ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutane kusan 600,000 a shekarar 2023, mafi yawansu ƙananan yara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa a kwata mai wari kaɗai sauro ke haihuwa. Akwai mai son kwatar, amma sauron nan mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, ruwa mai tsabta ya fi so, kuma da rana yake cizo. Durom ɗin da ba murfi, tsohuwar taya, gwangwanin da aka yar a bayan ɗaki, farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fure, kwanon shan ruwan dabbobi, har da ruwan da ke taruwa a bayan firji, duk sun ishe shi. Mutum zai yi ta zargin maƙwabta, alhali a tsakar gidansa ake kiwon abin da ke cizon 'ya'yansa.

Wasu kuma sukan zubar da ruwan, su ce sun gama. Ba su gama ba. Wannan sauron a jikin mazubi yake manna ƙwansa, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, kuma ƙwan yana jure bushewa har tsawon watanni. Ana sake zuba ruwa sai ya ƙyanƙyashe. Don haka sau ɗaya a mako a juye ruwan, a goge cikin mazubin da soso ko buroshi, sannan a rufe shi ruf. Abin da ba a amfani da shi a kife shi.

Gidan sauro ma ana ɓata shi da hannu. Wanda aka jiƙa da magani an yi shi ne ya kai kimanin shekara 3, ya jure wanki kamar sau 20, amma da sharaɗin a wanke shi da sabulu mai sauƙi a shanya a inuwa. Shanya shi a rana tsaka na rage ƙarfin maganin. Sabo kuma a fara baza shi a inuwa ya sha iska kwana ɗaya kafin a kwana a ciki, abin da ke rage ƙaiƙayin fuskar da ke sa mutane su yi fushi su ninke shi. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a ɗinke huda tun tana ƙarama. Su kuwa na'urorin da ake cewa suna korar sauro da wata ƙara da kunne ba ya ji, an gwada su an ga ba sa hana cizo, kada a dogara da su.

Kyankyaso shi ne wanda ya fi cin kuɗin feshi a banza. Macen ƙaramin kyankyason nan mai ratsi biyu a bayan kai tana yawo da jakar ƙwai mai ɗauke da 30 zuwa 40, kuma feshi bai cika ratsa ɓawon jakar ba. Ka kashe goma a fili, ɗaruruwa na kwance a tsagar kabad da bayan firji da cikin kwalaye. In har ka fara ganinsu da rana, to maɓoyar ta cika ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne ruwa: kyankyaso na iya makonni ba abinci, amma ƙishirwa ba ta barinsa ya daɗe. Famfo mai yoyo da kwanukan da aka jiƙa aka bari sai da safe sun fi ɓurɓushin abinci riƙe shi a gida. A gyara yoyon, a tsane wurin wanke-wanke kafin a kwanta, a toshe tsagogi da bakin magudana, a fitar da tarin kwali.

Maganin da ya fi aiki a kansa shi ne na ci, wato guba mai kama da man shafawa da ake ɗigawa ƙanana-ƙanana a lunguna. Wanda ya ci zai koma maɓoya ya mutu, 'yan uwansa su ci kashinsa da gawarsa su ma su bi shi. Sai dai yana son haƙurin mako ɗaya ko biyu, kuma a nan ake yin kuskure: mutum ya ga bai ga gawa washegari ba, sai ya ɗauko feshi ya fesa a kan wurin, warin ya kori kyankyasan daga abincin da zai kashe su. Ba a haɗa su biyun wuri ɗaya. Lamarin kuma ya wuce ƙyama, domin kashin kyankyaso da saɓarsa na tayar da asma, musamman ga yara.

Tururuwa da kiyashi labarinsu ɗaya ne da wannan. Jerin da kake gani ma'aikata ne, uwar tana can cikin rami tana zuba ƙwai. A bi jerin a ga inda suke shigowa, a wanke hanyar da ruwan sabulu don ƙamshin da suke bi ya gushe, a ajiye musu maganin ci su kai gida da kansu.

Kuɗin cizo kuwa, kuskuren farko kunya ce. Ana ɗaukarsa alamar ƙazanta, sai a ɓoye har ya cika gida. Jini yake nema, ba ruwansa da tsabtar ɗaki, kuma a jakar tafiya ko gadon hannu ko kujerar da aka sayo tsohuwa yake shigowa. Kuskure na biyu shi ne gudu: a bar masa ɗakin a koma wani. Yana iya watanni bai sha jini ba, kuma zai bi mai barci duk inda ya koma, sai ɗaki ɗaya ya zama uku. Na uku, fitar da katifa rana kaɗai. Waɗanda ke jikinta za su gangara ƙasanta inda ya fi sanyi, sauran kuma dama suna cikin mahaɗar katakon gado da tsagar bango da bayan hotuna. Zafi na kashe shi har ƙwansa, amma sai ya kai gare shi: a wanke zannuwa da tufafi da ruwan da ya kai digiri 60, a bi ɗinkin katifa da dutsen guga, a kwance gadon a bi kowace mahaɗa, a cike tsagogin bango. Ƙwansa na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, saboda haka duk abin da aka yi sai an maimaita bayan kamar mako biyu. A wurare da yawa ya riga ya saba da maganin feshin da aka fi sayarwa, ƙara yawan feshin ba zai canza komai ba sai dai ya cutar da masu kwana a ɗakin.

Gara ba ta da hayaniya, shi ya sa ake raina ta. A ga hanyar ƙasa ta hau bango, a kankare da tsintsiya, a manta. Gidanta na ƙarƙashin ƙasa, hanyar kawai aka rushe. Gwajin mai sauƙi ne: a fasa ɗan wuri a tsakiyar hanyar, in an dawo bayan 'yan kwanaki an tarar an ɗinke, tana nan da ranta. A ƙwanƙwasa ƙyaure da katakon rufi, mai amon holoƙo an cinye cikinsa. Kada a jingina itace ko katako da bango, kada ruwan indararo ya riƙa zuba a gindin gini. In ta riga ta kama rufi, aikin ƙwararru ne, kuma mai sabon gini ya sa a yi wa ƙasar magani tun kafin a zuba daɓe.

Ƙuda bai buƙatar dogon bayani. A shara mai danshi da kashin dabbobi da bakin shadda yake haihuwa, daga can ya sauka kan abinci da ƙwayoyin gudawa da taifot. Murfi a kan kwandon shara, murfi a kan shadda, murfi a kan abinci.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne shigo da maganin gona cikin ɗakin kwana. Ruwan magani mai sinadarin dichlorvos, da haɗe-haɗen da ake ɗurawa a kwalba ba takarda ba suna, ba a yi su don inda ake barci ba. Ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu, mai sinadarin aluminium phosphide, ta fi su haɗari: da ta ji laima sai ta saki iska mai guba da ke ratsa tsagar ƙofa zuwa ɗakin da ke kusa, kuma ta hallaka iyalai a ƙasashe da dama suna cikin barci. Kananzir da fetur a kan katifa kuwa gobara ce ake gayyata. Ko feshin da aka yi don gida, a rufe abinci da ruwan sha, a fitar da yara, a jira lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, a buɗe tagogi kafin a koma. Kada a taɓa juye magani a robar ruwa ko ta lemo.

In wani ya shaƙa ko ya sha, ya fara zubar da yawu, amai, jiri ko numfashi da ƙyar, a fitar da shi inda iska take, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu. Kada a sa shi amai da gangan, kada a ɗura masa madara ko mai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, domin likita ya san irin gubar da zai yi wa magani.