Kalmomin Ingilishi masu kama da juna da ke kayar mana da yara a BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej

Jiya da yamma ina duba kaye, wato littattafan rubutu, na ɗalibaina na darasin gida a nan Birni, sai na tarar yara huɗu cikin tara sun rubuta I though you are coming, ɗaya ma ta rubuta my teacher tough me. Abin ya dame ni wallahi, don yaran nan suna da ƙoƙari, ba rashin karatu ba ne, ido ne yake yaudararsu. Mu nan Damagaram da Faransanci muke farawa tun firamare, Ingilishi sai an shiga kolej, to yaro ya saba in ya ga haruffa iri ɗaya sauti ma ɗaya ne, shi kuwa Ingilishi bai san wannan doka ba.

Babban ramin shi ne ough. Haruffa huɗu ne amma kusan kowace kalma da yadda take furta su. Though ma'anarta ko da yake, ƙarshenta o ne kawai. Through ta ciki, wato ratsawa, ƙarshenta u. Thought tunani, ko ya yi tunani. Tough abu mai tauri ko wuya, ana cewa taf, haka enough da rough duk da f suke ƙarewa, cough tari kuma kof. Ga dough kwaɓaɓɓen fulawa irin na masu fanke, do ake cewa, ga plough garma ko huɗa, shi kuma au ne a ƙarshe. Sai taught da ta zo ta tsaya kusa da su, alhali ita daga teach ta fito, ya koyar, kuma a ce da ita ba o ba.

Dalilin wannan ruɗani tsoho ne. A da Turawan Ingila suna furta gh ɗin nan a maƙogwaro, kusan kamar ha mai ruwa ta allo, sai baki ya yi ta canzawa, wasu kalmomi suka mayar da shi f wasu suka haɗiye shi gaba ɗaya, rubutu kuwa ya tsaya inda yake musamman bayan William Caxton ya kafa injin buga littafi a Westminster a 1476. Ina gaya wa yara wannan ne don su daina ganin kamar kansu ne bai ja.

Gyaran da na ga yana aiki, kada ka jera su a layi ɗaya kana haddacewa kamar karatun lissafi, nan ne suke cakuɗewa. Ka ba kowace alamarta. Through tana da r, ka tuna ratsa, motar Kano ta ratsa Matameye, the bus went through Matameye. Tough ba h bayan t ɗin farko, ka tuna tauri, naman da aka ba ka a tasha ya ƙi taunuwa. Thought da t take ƙarewa kamar bought da brought, duk abin da ya wuce ne, in kana nufin na zaci to sai ka ga t a ƙarshe kafin ka ɗaga biro. In babu t ɗin nan ko da yake ka rubuta, jimla ta lalace.

Quiet da quite da quit ma haka. Quiet gaɓa biyu ce, shiru. Quite gaɓa ɗaya, sosai ko dai-dai gwargwado. Quit bari, kamar mutum ya bar aiki. Lose da o ɗaya ɓatarwa ko shan kaye, loose da o biyu sako-sako kamar wandon da ya yi ma yawa. Waɗannan in ka furta da ƙarfi sau biyar sun zauna.

Amma wanda ya fi ci mini rai namu ne mu ƴan Nijar, ɗalibin Kano bai cika faɗawa ciki ba. Tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, wasu suka riƙe haruffa suka canza ma'ana. Wani ƙanena mai sayar da kayan waya a kasuwar Dole ya tura wa mai kawo masa kaya saƙo a WhatsApp, I will attend you at the park, shi a ransa attendre ne, zan jira ka, alhali attend halarta ce, wait ya kamata ya sa. Mutumin bai gane ba sai da aka kira shi aka yi bayani da Hausa. Library ɗakin karatu ne inda ake aron littafi, ba shagon sayar da shi ba, shago bookshop ne. Actually ba yanzu ba ne, a gaskiya ne, in yanzu kake nufi ka ce now ko currently. Pain ciwo ne ba burodi ba kamar a Faransanci, coin kuma tsabar kuɗi irin dala biyar ɗin da ke aljihunka, ba lungu ba.

Ni yanzu abin da nake sa su, kowa ya ware shafukan ƙarshen kaye, kalma ɗaya jimla ɗaya, kuma jimlar ta zama ta rayuwarsa, ta gidansu ko ta fadarsu inda suke shan shayi, sannan ma'anar a rubuta ta da Hausa kai tsaye kada a bi ta Faransanci, don a wannan biyowar ne ake tuntuɓe. Mai waya ya sa kalmar a ƙamus ya danna alamar lasifika ya ji da kunnensa, ya maimaita har ƙannensa su fara kwaikwayonsa. Ranar Asabar zan yi musu dikte, wato shifta, na jimla goma, though da thought da through duk suna ciki, Allah ya sa Hajiyar da ta rubuta tough me ta ba ni taught wannan karo.