Kafin ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa

Jama'a ƴar shawara. In ɗan uwanku ya daina barci, yana surutu shi kaɗai, kar a tsaya kan "ai iska ne", a yi ruƙiyya amma a haɗa da asibiti. Likita jiki yake dubawa da tunani da halin da mutum ke ciki, zai tambaya akwai mai irin haka a dangi, yana shan tramol, ko tunda ƴan bindiga suka tashi ƙauyensu ya canza. To ku rubuto amsoshin tun daga gida har ranar da abin ya faro, ni randa na kai ƙanena wallahi duk na rikice. Baƙin ciki in ya wuce sati 2 bai sauka ba, ku nufi asibitin tarayya na Gusau (FMC) ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato.