Shiga mashayar gargajiya a Landan: kurakuran da baƙo ya fi yi

Ranar da abokan aikina suka fara gayyatata mashaya a Landan, na riga kowa isa. Na sami teburi a lungu, na zauna, na harɗe hannu ina jiran a zo a tambaye ni me zan ci. Minti ashirin ba wanda ya ce mini ci kanka. Yarinyar da ke bayan kanta tana ɗago kai ta dube ni, ni ma in dube ta. Har zuciyata ta fara raya mini ko launin fatata ne, sai wani dattijo da karensa ke kwance a gindin kujera ya leƙo ya ce, ɗan saurayi, a nan kai ne za ka tashi ka je.

Ni ba na shan giya, kuma na san akwai waɗanda ko ƙofar wurin ba za su taka ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, in ka faɗa wa Bature ba zai ja da kai ba. Maganata da wanda zai shiga ne, domin a Ingila walimar sallamar abokin aiki, da hirar bayan tashi ranar Juma'a, da cin abincin Lahadi, duk a wannan ɗaki da suke kira pub ake yin su. Ɗakin yana da dokokinsa, ba a rubuta su a bango ba, kuma Baturen Ingila ya gwammace ya yi ta kallonka kana kuskure da ya buɗe baki ya gyara maka.

To, ka je kanta da kanka, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take. In abinci ne, ka duba lambar teburinka kafin ka taso, don ita za a fara tambayarka. A gaban kantar ba za ka ga layi ba, mutane ne tsaye barkatai, amma layin yana nan a kan mai sayarwa, ya san wanda ya riga wani. Kada ka yi masa irin "sss" ɗin da muke yi wa mai shayi, kada ka ƙwanƙwasa katako, kada ka ɗaga kati kana kaɗawa. Ka haɗa ido da shi kawai. In ya zo kanka alhali wani ya riga ka, nuna masa mutumin. Ba a barin tukuici don an zuba maka abin sha.

Inda mutanenmu suka fi jin kunya shi ne zagaye. Idan ku biyar ne, mutum ɗaya zai tashi ya saya wa kowa, in kofuna sun ƙare wani ya tashi, haka har ya zagayo kanka. Adashi ne, ba kyauta ba. Baƙo sai ya ɗauka karamci ake yi masa, ya sha lemo uku na mutane, ya duba agogo, ya yi sallama. Ba wanda zai ce uffan, amma an rubuta shi cikin masu kwasar adashi su gudu. Wani kuma kunya ce za ta sa ya biya wa teburi gaba ɗaya, a inda kofin giya guda a tsakiyar Landan ya haura fam shida. Ga kuma wata matsalar: in zagaye ya zo kanka, giya za ka saya wa mutane da kuɗinka, abin da mai kiyaye addini ba zai yi ba. Maganin duka ukun ɗaya ne. Tun zagayen farko ka ce na gode, ni zan riƙa sayen nawa. In kana son ka nuna hannu, sayo soyayyen dankali kwano biyu ka ajiye a tsakiya. Na shekara ina haka, ban ga wanda ya ɓata rai ba.

Sunayen abin sha ma suna yaudara. Cider a Birtaniya giyar tuffa ce, tana bugarwa sosai, ba ruwan tuffa ba ne. Shandy giya ce da aka sirka da lemo, sirki kuwa bai fitar da ita daga giya ba. Ginger ale lemon citta ne duk da cewa ale ɗin da ke sunansa wata irin giya ce, ginger beer ma yawanci haka, sai dai akwai mai sa maye, irin na Crabbie's, don haka karanta kwalbar. Waɗanda ake tallatawa a matsayin marasa maye, wasu 0.0 ne, wasu kuma suna da barasa 0.5 cikin ɗari, lambar tana jiki. Kada ka wahalar da kanka neman Maltina. Abin da masu tuƙi da marasa sha suka fi nema shi ne ruwan soda da ɗan lemon tsami, shi ne mafi arha a gidan. Ruwan famfo kuwa kyauta ne, doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da giya ya ba ka in ka roƙa.

Masu sha kuma nasu kuskuren daban. Mutum ya saba da kwalba mai raɓa daga firiji, sai a miƙo masa ale ta ganga, ya kurɓa ya ce ta yi ɗumi, ba ta da gas, a canza masa. Haka take. A ɗakin ƙasa ake ajiye gangar, sanyinta tsakanin digiri 11 zuwa 13, da famfon hannu ake jawo ta, shi ya sa za ka ga mai sayarwa yana jan doguwar sanda sau da yawa kafin kofi ya cika. Akwai ƙungiya sukutum, CAMRA, da aka kafa a 1971 don kada wannan salo ya mutu. Cewa "ba ni giya" bai isa ba, sai ka faɗi wacce da kuma girman kofi: cikakke, mililita 568, ko rabinsa.

Abinci ne ya fi cin mutane, domin kana ganin ka tsallake kofi, ashe abin yana cikin faranti. Kifi da dankali shi ne mafakar kowane Musulmi a Ingila, amma a mashaya sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin, za ka ga an rubuta beer-battered. Fanken naman sa da ake ji da shi, steak and ale, sunansa ma ya faɗa maka da me aka dafa shi. Romon da ake kwararawa a kan gasasshen naman Lahadi wani lokaci akwai jan ruwan inabi a ciki. Alade kuwa yana zuwa da sunaye da yawa da ba su yi kama da shi ba. Gammon cinyarsa ce. Black pudding jini ne, yawanci na alade. Scotch egg dafaffen ƙwai ne da aka naɗe da niƙaƙƙen naman alade, na taɓa ganin wani ɗan'uwa ya kai hannu yana cewa ai ƙwai ne, da ƙyar na riƙe shi. 'Yar ledar da ke rataye bayan kanta mai kama da ganda soyayya, scratchings, fatar alade ce.

Kada ka dogara da takardar gargaɗin da ke ƙasan jerin abinci. Dokar ƙasar ta tilasta bayyana abubuwa 14 masu tayar wa mutane rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai da riɗi. Alade da giya ba sa cikinsu. Sai ka tambaya da bakinka, tambaya biyu a rarrabe: akwai alade, akwai giya? Naman sa da kaza ma ba yankan Musulmi ba ne sai in an rubuta. Abincin da aka yi wa alamar masu cin ganye ya raba ka da nama, amma bai raba ka da giya ba.

Sai lokaci. Kicin yakan rufe tun wajen tara, ko da mashayar na buɗe. In ka ji an kaɗa ƙararrawa kusa da sha ɗaya, ana cewa mai son ƙari ya zo yanzu, ta biyu kuma an rufe kanta. Tun 2005 doka ta ba da damar wuce wannan lokaci, amma tsofaffin gidaje da yawa suna nan kan al'adarsu. A unguwar bankuna ta tsohon birni, mashayu da dama ba sa buɗewa Asabar da Lahadi, saboda ma'aikatan ofis ne kasuwarsu. Taba a waje ake shanta tun Yulin 2007. In fuskarka ta yara ce, riƙe fasfo, ana tambayar duk wanda bai yi kama da ɗan shekara 25 ba.

Wanda ginin ya kawo shi, ya guji daren Alhamis da Juma'a, ba abin da zai gani sai ƙeyar mutane. Ka je da rana, wajen ƙarfe uku. George Inn da ke Borough High Street, kusa da Gadar Landan, ginin 1677 ne, da barandarsa ta katako irin ta masaukin matafiya zamanin keken doki. Ye Olde Cheshire Cheese kuma tana cikin wani siririn lungu a gefen Fleet Street, an sake gina ta a 1667, shekara guda bayan babbar gobarar da ta cinye birnin. Ciki duhu, ɗakuna ƙanana, matakala tana gangarawa ƙasa, dogon mutum sai ya sunkuya ko ya sha karo. Kafin ka zaro waya ka fara bidiyon da za ka tura gida, duba bango. Cheshire Cheese ɗin ta kamfanin Samuel Smith ce, wanda ya hana amfani da waya a cikin mashayunsa, ya kuma hana ashar. In kira ya shigo daga Kano, fita lungu ka amsa.