Yadda ake haɗa fim ɗin ban tsoro a kan la'anannen tsohon abu

Abin da ke ɓata min rai da irin finafinan nan, minti biyar da farawa an nuna maka aljani ƙuru-ƙuru da jajayen idanu, to me kuma ya rage? Tsoron ai a jikin abun ya kamata ya zauna.

Da farko zaɓi abu ɗaya tak wanda mutum zai iya saya ko ya gada, madubi ne, akwatin ƙarfe ne, 'yar tsana ce. Mu ɗauki agogon bango. Ka ba shi tarihi, waye ya ƙera shi, me aka yi wa mai shi na farko, amma kar ka zazzage labarin duka, ka riƙa tsakurowa.

Sai ƙa'ida, kuma wallahi nan ne yawancin marubuta ke faɗuwa. La'anar dole ta zama tana da doka. Misali duk wanda ya waina agogon, kullum agogon zai tsaya ƙarfe 3:10 na dare, a dare na bakwai sai an rasa rai a gidan, in ka jefar da shi ya dawo, in ka sayar la'anar ta bi mai saye, kaga jaruminka ya shiga tsaka mai wuya kenan, ya ceci iyalinsa ko ya jefa wani bawan Allah. In ka kafa dokar kar ka karya ta ko sau ɗaya.

Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, shafi 90 ya ishe ka.

Wajen kaya, ka kankare fentin gefe-gefen agogon, takardun da za a tsinta a cikinsa ka jiƙa su da ruwan shayi su yi ja-ja kamar sun shekara ɗari. In ƙofar agogon za ta buɗe da kanta, siririn zaren kamun kifi ya wadatar, da ƙyar kyamara ke kama shi a duhu.

Sauti kuma shi ne rabin fim ɗin. Tun sin na farko, wato fitowar farko a fim ɗin, ka saka tik-tak ɗin ƙasa-ƙasa har kunnen mai kallo ya saba ya manta da shi. Ran da abun zai faru sai ka yanke shi ɗif, ba kiɗa ba komai, ka bar kyamara a fuskar jarumar tana kwance idonta biyu, kamar sakan goma, kafin a ji takun farko a bakin ƙofa.