Yadda ake auna riko da addini a wajen majinyaci

Kannena dalibai masu shigowa asibitin Komfo Anokye na Kumasi a Ghana da takardun bincike a hannu, ku tsaya ku ji kafin ku doshi gadon kowa.

Ma'aunin da ya fi saukin aiki shi ne DUREL, takardar tambayoyin auna riko da addini ta su Harold Koenig a jami'ar Duke ta Amurka, tun 1997. Tambaya 5 ne kacal. Ta farko zuwa wurin ibada, ta biyu ibadar da mutum ke yi shi kadai, kowacce maki 1 zuwa 6, sauran ukun kuma abin da ke cikin zuciya ne. Kashi uku kenan, ta farko, ta biyu, da sauran ukun, kowanne lissafinsa daban, kar ku hada su wuri daya.

To amma fa ba dan Zango aka tsara ma ita ba. Ka samu dattijo daga unguwar Aboabo sati uku yana kwance da robar fitsari, ka ce masa sau nawa kake zuwa masallaci, ai cewa zai yi ko sau daya, kai kuma ka dankara masa maki 1 alhali shi ke bude masallacin layinsu da asuba. Sai ka ce "Baba, kafin ciwon nan ya kwantar da ku fa?" Iyayenmu mata da yawa a gida suke sallah, su sai ku tambaye su zuwa makarantar islamiyya da tafsirin azumi.

Tambaya ta biyun ma haka, makin sama shi ne fiye da sau daya a rana, kenan duk mai salloli biyar ya kure ta, ba ta bambanta kowa da kowa. Ku kara tambayar nafila da wuridi a gefe, ku rubuta daban. Sallar zaune ko ta kwance da taimama duk sallah ce, ku kirga.

Kar ku je lokacin 'yan dubiya, wa zai ce yana wasa da sallah a gaban dansa? Ku yi sallama, ku gaishe shi da jiki, ku nemi izini, in ya ce a'a shikenan. Kuma ku fada masa tun farko cewa kowa ake tambaya, don wallahi wasu da sun ji mai farin kaya ya dauko zancen Allah sai gabansu ya fadi, su ce "dokta ya gaya maku wani abu ne?"